Kafin ka sabunta WordPress, ɗauki kwafi ta taminal

'Yan uwa masu kula da shafukan makarantu da na 'yan kasuwa a nan Zariya, don Allah mu rage dogaro da maɓallin sabuntawa na cikin dashbod, wato allon sarrafa shafi na WordPress, manhajar gina shafukan intanet. Kowa ya san halin netwok ɗinmu, kana Samaru yana gudu, ka shigo Tudun Wada ya tsaya cak, kuma in sabuntawa ta katse a tsakiya WordPress kan bar wani fayil mai suna .maintenance, shafi ya rufe, mai shi ya yi ta kiranka hankalinsa a tashe.

Ni dai daga taminal, wato tagar rubuta umarni, nake shiga saba (kwamfutar da shafin yake zaune a kai) ta ssh, hanyar shiga daga nesa, abu na farko kuma in buɗe tmux, manhajar da ke riƙe aiki a kan saba, saboda ko an ɗauke wuta ko data ta ƙare aikin yana can yana tafiya, in na dawo tmux attach kawai zan buga in tarar da shi.

Sai kwafi. Abu biyu ne, kuma da yawa ɗaya suke ɗauka su zata sun gama. Rubuce-rubuce da sharhi da saituna duk suna cikin databes, wato rumbun bayanan shafin, umarnin wp db export na WP-CLI (manhajar sarrafa WordPress ta taminal) zai fitar maka da su a fayil ɗin .sql guda. Hotuna da filogin (ƙananan manhajojin da ke ƙara wa shafi aiki) da tim (tsarin kamannin shafi) kuwa suna foldar wp-content, ita sai ka ɗaure ta a fayil guda da umarnin tar -czf, ka haɗa da wp-config.php don nan kalmar sirrin databes take.

To ga inda na fi damuwa wallahi. Kwafin da ka bari a saba ɗaya da shafin ba ajiya ba ne, kamar ka ɓoye makulli na biyu a cikin ɗakin da ka kulle ne. Jawo shi kwamfutarka da umarnin kwafe fayil, scp ko rsync, ni na fi son rsync don abin da ya canza kaɗai yake ɗaukowa, data ba ta ƙonewa a banza. Kuma kar ka bar .sql ɗin nan a public_html, foldar da ke buɗe ga masu ziyartar shafi, duk wanda ya canki sunansa zai iya sauke shi.

Sauran mai sauƙi ne, wp core update ya sabunta WordPress, sai wp core update-db ya sabunta databes, sai filogin. Akwai wp plugin update --all amma in shafin wani ne ɗaya bayan ɗaya nake bi ina duba shafin, don in abu ya lalace in san mai laifi nan take, wp plugin deactivate da sunansa yakan dawo da shafin.