Gudun da ake yi ana hira

Ana idar da sallar asuba muke haɗuwa a bakin titin Samaru a Zariya, daf da babbar ƙofar jami'a. Mu goma sha biyu ne idan kowa ya fito: ɗalibai, wani tela daga Sabon Gari, ma'aikacin asibiti, mata biyu, sai jagoranmu, wani tsohon soja da ya ajiye kaki ya zauna a Basawa, wanda kowa ke kira Baba. Ni malamin lissafi ne a sakandare. Abin da ya kai ni cikinsu shi ne gudun famfalaƙi na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195, wato ka tashi daga Zariya da ƙafa ka ci kusan rabin hanyar Kaduna.

Na zo da ƙarfina, domin na daɗe ina buga ƙwallo a unguwa. Da an ce a tashi sai in yanke in bar su, in isa gadar Kwangila in tsaya ina jira. Mako biyu Baba bai ce mini uffan ba. A mako na uku ƙwaurina na hagu ya fara zogi, har ta kai ko tsayuwa gaban allo sai na dafa tebur. Ranar da na nuna masa, ya tsuguna ya danna wurin da babban yatsa, na janye ƙafar ba shiri.

"Malam, huhunka ya riga ƙashinka shiri," in ji shi. "Ka je ka huta kwana goma."

Daga baya na fahimci abin da yake nufi. Zuciya da huhu suna sabawa da wahala cikin makonni kaɗan, amma ƙashi da jijiyoyi sai sun ɗauki watanni. A wannan tsakanin ne sabon shiga yake jin kamar zai iya komai, kuma a nan yake jin ciwo.

Da na dawo ya kafa mini doka ɗaya. "Daga yau a gefena za ka riƙa gudu, kana ba ni labari. In na ji maganarka tana yankewa, to mun wuce gona da iri."

Wannan doka ta fi ciwon ƙwaurin yi mini nauyi. Gudun ya zama a hankali ƙwarai, har masu kai kaya kasuwa a keke suna wuce mu. Na ba shi labarin ƙauyenmu, da na ɗalibaina, da na tsadar taki, labari ya ƙare na koma tambayarsa zamansa na bariki. Ban san lokacin da abin ya fara aiki ba. Na dai lura wata Asabar mun bi ta PZ, mun ratsa Tudun Wada har Ƙofar Doka, mun juyo, kuma da na isa gida na iya ɗebo ruwa na yi wanka ba tare da na nemi wurin kwanciya ba.

Ashe manyan 'yan tsere ma haka suke yi. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a gudun famfalaƙi na Berlin a 2022, a cikin tawaga yake atisaye a sansaninsu na Kaptagat, kuma yawancin gudunsa na mako bai kai saurin ranar gasa ba. Ko ranar da ya sauko ƙasa da awa biyu a Vienna a 2019, 'yan gudu 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna tare masa iska suna riƙe masa taki. Mutum ɗaya duniya ta yi wa tafi, amma ni yanzu waɗancan 41 nake kallo.

Abin ya bi ni har aji. Shekaru ina koyarwa da saurin 'yan bencin gaba, ina murna na gama manhaja kafin jarrabawa, alhali na baya sun daɗe da yin shiru. Yanzu ba na wuce darasi sai na ji wani daga can baya ya maimaita mini shi da bakinsa. Manhajar takan ja lokaci, ban kuma yi da-na-sani ba.

Titi yana da nasa ka'idoji. Muna bin ɓangaren da za mu riƙa fuskantar motoci, domin tirelolin hanyar Sakkwato ba sa ganin mutum a cikin hazo, kuma na gaba da na ƙarshe dole su sa riga mai ƙyalli. Matan a tsakiya Baba yake sa su. Duk da shigar mutunci da suke yi, ba a rasa mai jefo magana daga teburin mai shayi, kuma wannan yana ɓata mini rai har yau, don na ga irin juriyar da suke nunawa wadda da yawanmu ba mu kai ba.

Hunturu ya zo daidai lokacin da dogon gudun Asabar ya fara tsawo. Sanyi mayaudari ne: ba ka jin ƙishi, gumi yana bushewa tun bai sauko ba, sai ka ga farin gishiri a gefen hularka. Muka haɗa kuɗi muka ɗauki mai babur yana bin mu da ruwan leda, Baba kuma yana tilasta kowa ya kurɓa ko ba ya so. Man kaɗe muke shafawa a leɓe da hammata da matsematsi saboda gogayya. Kowa da dabino a aljihu, domin sukarin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta yakan ƙare wajen kilomita 30, kuma wanda ya jira sai ya ji yunwa ya makara.

Na ji wannan a jikina ranar da muka yi kilomita 32, mafi tsawo a shirinmu. Mun nufi wajen Shika mun juyo, rana ta fara huda hazo. Wajen kilomita 29 ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi, bakina ya mutu. Telan nan, wanda ke gabana da nisa, ya lura shiruna ya yi yawa. Ya rage gudu har muka jera, ya miƙo dabino biyu.

"Malam, ci wannan. Yanzu ƙirga mini turakun lantarki, da ƙarfi yadda zan ji."

Na fara. Ɗaya, biyu, uku. Da na yi shiru sai ya ce, "Nawa muke?" Haka muka yi ta yi har na hango sauran a inda muka taso, suna tsaye cikin ƙura, babu wanda ya tafi gida. Da na tsaya Baba bai yabe ni ba, ƙwaurina kawai ya sake dannawa, ya ga ban motsa ba, ya gyaɗa kai.

Saura mako uku yanzu. Ya rage mana nisa don jiki ya warware, abin da ke sa ƙafa ƙaiƙayi amma an hana kowa ƙari. Ya gargaɗe mu cewa iskar Legas jiƙaƙƙiya ce, gumi ba ya bushewa kamar nan, don haka mu fara a hankali fiye da yadda muka saba, musamman a kan doguwar gadar nan ta Third Mainland mai kusan kilomita 12. Ya kuma hana sayen sabon takalmi. Nawa na gwanjo ne, ƙurar Samaru ta mayar da shi ja, shi zan saka a jaka. Ni da telan mun yi alkawarin tashi tare, ya ce in tanadi labarin da zai kai mu ƙarshen gadar.