Furen kuɓewar Kawu

Asabar. Jiya da dare an yi ruwa, don haka ana idar da sallar asuba na ɗauki kyamara na hau acaɓa daga Tudun Wada zuwa Samaru. Gonar Kawu tana gangaren rafin Kubanni a Zariya, kuma tun makon jiya yake cewa kuɓewarsa ta fara fure. Furen kuɓewa kuwa na yini ɗaya ne: ya buɗe da safe, kafin la'asar ya naɗe. Wanda ya makara sai ya jira na gobe.

Na same shi yana cire ciyawa. "Kawu, ina kwana?" Ya ce lafiya lau, ya dubi jakata ya ce, "Yaro, yau ma ba fartanya ka kawo ba?" Na yi dariya na tsugunna gaban fure.

Rawaya ne mai haske, cikinsa ja wur har ya so ya yi baƙi, ga sandar tsakiya cike da garin fure. Gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, mai milimita 90 na aro wajen wani abokina, shi ya sa na matsa har iyakar kusancinsa, na saita ƙofar haske a f/5.6. A bayan kyamara hoton ya yi kyau. Da na faɗaɗa shi sai na ga kan sandar kawai ya fito tar, duk sauran ya koma hazo-hazo. A irin wannan kusanci zurfin abin da ke fitowa sarai bai kai kaurin farce ba. Numfashi kaɗai na yi, saitin ya tashi daga kan sanda ya koma gindinta.

Sai na yi abin da kowa ke yi, na tsuke ƙofar zuwa f/16 don zurfin ya ƙaru. Daga f/5.6 zuwa f/16 mataki uku ne, kowane mataki yana rage haske da rabi, ke nan hasken ya ragu sau 8. Kyamara ta rama ta hanyar jinkirta ɗauka, daga 1/500 na daƙiƙa ta koma 1/60. Iskar safiya kuwa ba ta san da wannan lissafi ba. Hoto goma sha, duk furen yana rawa. Na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, daga 100 zuwa 800, saurin ya dawo, amma jan cikin furen ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Ga kuma shuɗin bokitin Kawu da ya ɓace a f/5.6, yanzu ya fara leƙowa ta baya.

Na jima a tsugunne, gwiwata duk laka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san maganin tuntuni, gaggawa ce ta sa na manta. Wurin da ke fitowa sarai kamar faranti yake, a tsaye daidai da fuskar kyamara. Ni kuwa ta gefe nake kallon furen, sai farantin ya yanka shi a karkace. Na zagaya na fuskance shi kai-tsaye, sannan na ja baya har furen gaba ɗayansa ya shiga. A f/8, daga abin da bai kai milimita 1 ba, zurfin ya koma kusan milimita 4. Ba yawa, amma ya isa ya riƙe kan sandar da garin da ke kusa da shi. Gefen furen na bar shi ya narke, kuma ni a gurina hakan ya fi kyau, ko da abokin nawa zai ce a haɗa hoto ashirin a kwamfuta kowane lungu ya fito. Irin wannan sai furen da aka tsinke aka kai ɗaki, ba wanda iska ke kaɗawa ba.

Kawu ne ya kawo ƙarshen matsalar iska. Ya zo ya tsaya ta gabas, ya buɗe buhun taki da hannu biyu. Furen ya tsaya cik, zafin ranar ma ya ragu a kansa. Na ɗauki huɗu, na uku ne ya yi.

Da na nuna masa ya ƙura ido ya ce, "To ina 'ya'yan?" Ya cika mini leda da ɗanyar kuɓewa in kai wa Inna. Miyarta muka sha da daddare.