Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Abin da ke Nunar da Tumatir

Makon jiya mun tsaya a inda na shiga shekara ta uku a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kullum ina hawa trotro daga Aboabo zuwa makaranta. A zangon nan ne aka yi mana darasin da ya sa na rungumi binciken tsirrai.

Mun riga mun san hasken rana da wasu sinadarai suna ɓata DNA, rubutun gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki a jere kamar haruffa, kuma ƙwayar halitta tana da masu gyara: a cire harafin da ya lalace, a cike gurbin da sabo, a liƙe. Sai malaminmu ya ce tsiro yakan yi wannan aikin a kan harafin da lafiyarsa ƙalau. Na ajiye biro na kasa kunne.

Tsiro yana ɗora wa harafin C wata ƙaramar alama, methyl, sau da yawa don wani sashe na DNA ya yi shiru, kamar an sa wa shago kwaɗo. In lokacin buɗewa ya yi, sai wani furotin mai suna ROS1, wanda aka gano a 2002 a jikin ɗan tsiron Arabidopsis, ya tumɓuke harafin ɗungurungum da alamarsa. Masu gyara su iske gurbi, su cike shi da C marar alama, sashen ya farka. Wato tsiro da kansa yake ji wa DNA ɗinsa ciwo don a yi masa gyaran da yake so. Har yau in na tuna, tsigar jikina takan tashi.

Tumatir ma yana da furotin irin wannan, sunansa DML2. A 2017 masu bincike suka kashe shi da CRISPR, wata dabarar yanka DNA a inda ake so, 'ya'yan suka fito amma suka ƙi nuna.

Mma, mahaifiyata, tumatir take sayarwa, na Akumadan da na Burkina, kuma na sha ganin ta zubar da rabin akwati don ya ruɓe kafin a saya. Da daddare na kwashe labarin na gaya mata.

Ta ce, "To ke 'yar nan, ba za ku ce masa ya dakata kwana biyu ba?"

Na ce, "Mma, in an kashe shi gaba ɗaya ba zai nuna ba sam, wa zai sayi ɗanye?"

Ta ce, "Ni ban ce ku kashe shi ba. Ku rage masa sauri."

Da wannan tambayar na nufi Cibiyar Binciken Amfanin Gona da ke Fumesua neman gurbin koyon aiki. Yadda ta kaya a can, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.