Bijan ko Gibbs: yadda muke auna sabon shiga kafin mu kashe zaɓi a kansa

'Yan uwa masu koyon fantasi na ƙwallon Amurka, wasan da kowa ke zaɓen 'yan wasa na gaske yana tara maki daga abin da suka yi a fili, a baya mun tsaya a kan lissafin maki. Yanzu mun iso gaɓar da ta fi tayar da jijiyar wuya a kowane lig: mai gudu da ƙwallo sabon shiga, wanda bai taɓa taka filin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ba, a wane zagaye za a ɗauke shi? Don kada mu yi ta musu a kan abin da bai faru ba, mun ɗauko kakar 2023 mun mai da ita abin gwaji, tunda sakamakonta yana hannu. A zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL na waccan shekarar Atlanta Falcons ta ɗauki Bijan Robinson na jami'ar Texas a lamba ta 8, Detroit Lions kuma ta ɗauki Jahmyr Gibbs na Alabama a lamba ta 12.

Da tsarin PPR muke aiki: yadi 10 maki ɗaya, kowace cafka maki ɗaya, tacdawun (kai ƙwallo bayan layin ƙarshe na abokan hamayya) maki 6, in ƙwallo ta suɓuce abokan hamayya suka ɗauke a cire maki 2.

Kafin a fara kakar, kusan kowa Bijan yake yi. A zagayen farko ake ɗauke shi a fantasi, Gibbs kuwa yakan kai wajen zagaye na uku. Kuma masu ra'ayin Bijan suna da hujja. Ƙungiya ba ta kashe lamba ta 8 a kan ɗan wasa don ta ajiye shi a benci. Ezekiel Elliott, lamba ta 4 a 2016, ya yi gudun yadi 1,631 a shekararsa ta farko. Saquon Barkley, lamba ta 2 a 2018, ya yi 1,307 ya kuma cafke ƙwallo sau 91. Ga jiki: Bijan fam 215, Gibbs fam 199, shi ya sa ake cewa Gibbs ba zai jure karo sau 20 a wasa ba. Ga kuma David Montgomery da Detroit ta ɗauko daga Chicago a kan kwantiragin shekara uku.

Abin da aka tsallake shi ne layin farko da muke so kowa ya cike a takardarsa: aiki nawa ne ya zama babu mai shi a ƙungiyar? A nan lissafin yake juyewa. A 2022 Jamaal Williams ya ɗauki ƙwallo sau 262 a Detroit, ya ci tacdawun 17, sai ya koma New Orleans. D'Andre Swift ya ɗauka sau 99, shi ma aka tura shi Philadelphia ana tsaka da zaɓen NFL na 2023. Ɗauka 361 ke nan ba mai ita, ban da cafke-cafken da Swift ya bari. Ko Montgomery ya kwashe fiye da rabi, abin da ya rage ya ishi Gibbs. A Atlanta kuwa ba wanda ya tafi. Tyler Allgeier, wanda ya yi yadi 1,035 a ɗauka 210 a 2022, yana nan, Cordarrelle Patterson ma yana nan. Duk ƙwallon da za a miƙa wa Bijan sai an ƙwace ta daga hannun mutumin da kocin ya riga ya yarda da shi, kuma kocin, Arthur Smith, bai ƙwace da yawa ba.

Ga yadda ta kaya. Bijan ya ɗauka sau 214, yadi 976, tacdawun 4 da ƙafa. Ya cafke 58, yadi 487, tacdawun 4. Allgeier ya samu ɗauka 186, wato tazarar 28 kacal tsakaninsu. Gibbs ya ɗauka sau 182, yadi 945, tacdawun 10. Ya cafke 52, yadi 316, tacdawun ɗaya. Ku haɗa da kanku: kafin a cire na suɓucewar ƙwallo, Bijan yana da maki 252.3, Gibbs 244.1. Amma Bijan wasa 17 ya buga, Gibbs 15. In an raba, Bijan na kawo kusan 14.8 a mako, Gibbs 16.3. Wanda ya kashe zaɓinsa na farko a kan Bijan bai yi mugun asara ba, sai dai ya saya da tsada abin da wani ya samu da araha bayan zagaye biyu, kuma wancan ya riga ya cike gurbin farko da wani babban ɗan wasa.

Bambancin yana cikin tacdawun, Gibbs 11 Bijan 8, kuma wannan ba daga ƙafar yaran ya fito ba. A waccan kakar Detroit tana da masu buɗe hanya irin su Penei Sewell da Frank Ragnow, tana da Jared Goff a matsayin kwatabak, wato mai jifan ƙwallo, tana yawan isa bakin layi. Har Montgomery ya ci 13 da ƙafa bai hana Gibbs nasa ba. Atlanta kuwa da kwatabak Desmond Ridder ta yi ta lallaɓawa, ta ƙare da nasara 7 da faɗuwa 10, aka sallami Smith. Saboda haka layi na biyu a takarda shi ne: sau nawa ƙungiyar za ta kusanci layi, kuma in ta kai yadi 5 wa ake miƙa wa? A ganinmu wannan layin ya fi gudun yadi 40 da ake ta yaɗawa bayan gwajin da NFL ke yi wa sabbin shiga daga ƙarshen Fabrairu muhimmanci nesa ba kusa ba.

Yadda za ku yi hasashe da hannu ba shi da wuya. A ce kun ƙiyasta masu gudu na ƙungiya za su ɗauki ƙwallo sau 420 a kaka, kuka ba sabon shiga kashi 55 cikin ɗari. Ɗauka 231 ke nan. Ku ninka da yadi 4.4, ya ba ku kusan 1,016, wato maki 102. Ku sa masa cafka 45 a yadi 7, maki 45 da 31.5. Tacdawun 8, maki 48. Jimilla wajen 226. Sai ku sake yi da kashi 45 da kuma kashi 65, ku ga inda yake faɗawa in abu ya ɓaci da inda yake kaiwa in ya yi kyau. Kuskuren da ya fi yawa a takardun masu koyo shi ne ɗauko yadin da yaro yake yi a jami'a, 6 ko 7 a kowace ɗauka, a dasa a NFL. A nan wanda ya riƙe 5 tsawon kaka ya yi fice. Ku tsaya tsakanin 4.2 da 4.6.

Akwai abin da lamba ba ta nunawa a watan Agusta, shi ne tare wa kwatabak. A yunƙuri na uku, inda ake yawan jifa, koci ba zai bar yaron da bai iya gane mai kutsowa ba a fili, domin kuskure ɗaya kwatabak ne a ƙasa. In aka cire shi a nan, cafka ta tafi, kuma a PPR cafka 50 daidai take da gudun yadi 500. A wasannin share fage kada ku damu da dogon gudun da ya yi a kan 'yan benci. Ku duba ko yana fili tare da 'yan wasan farko a yunƙuri na uku.

Ƙungiya mai ƙarfi ma ba ta wadatar ita kaɗai. Clyde Edwards-Helaire ya je Kansas City a lamba ta 32 a 2020, aka yi ta ɗaukarsa a zagayen farko saboda kwatabak ɗinsu Patrick Mahomes, ya ƙare da yadi 803 da tacdawun 4 da ƙafa, don a bakin layi jifa suka fi yi.

Bayan zaɓe sai haƙuri, kuma a nan ake yawan zubar da riba. A makon farko na 2023 Gibbs sau 7 kawai ya ɗauki ƙwallo, Montgomery sau 21. Da yawa sun karaya sun musanya shi da araha. A mako na 8, Montgomery yana jinya, Gibbs ya ɗauka sau 26 ya yi yadi 152 a kan Raiders, kuma daga nan rabonsa bai koma yadda yake da ba. Kada ku yanke wa sabon shiga hukunci da makin Satumba. Kowace Talata ku rubuta abu uku: kashi nawa na wasannin hari ya kasance a fili, sau nawa aka jefa masa, sau nawa aka ba shi a cikin yadi 5. In waɗannan suna hawa, ku riƙe shi ko da maki bai zo ba tukuna.

Ranar wasa kuma ku duba jerin waɗanda ba za su buga ba, ana fitar da shi minti 90 kafin a tashi. Wasannin farko na Lahadi suna farawa ƙarfe 6 na yamma agogon Najeriya da Nijar, jerin yana fita 4:30. Daga farkon Nuwamba, da Amurka ta canja agogo, komai yana matsawa gaba da awa ɗaya. Ko wannan ba ya kare mutum ɗari bisa ɗari: a mako na 7 Bijan yana cikin masu bugawa da Tampa Bay, amma ba ya jin daɗin jikinsa, sau ɗaya aka miƙa masa ƙwallo, har NFL ta ci tarar Falcons don ba su bayyana ba.

Duk wannan lissafin na lig ɗin shekara ɗaya ne. A lig ɗin da ake riƙe 'yan wasa shekara da shekaru gwaninta ta fi nauyi, domin koci yana canjawa: a 2024, da sabbin masu horarwa a Atlanta, Bijan ya yi yadi 1,456 da tacdawun 14 da ƙafa, Gibbs kuma ya ci 20 gaba ɗaya. Aikin da ke gabanmu kafin zama na gaba: kowa ya ɗauki Najee Harris na 2021 da Breece Hall na 2022, ya cike layin aikin da ba mai shi da na bakin layi ba tare da ya leƙa sakamakon kakar ba, sannan mu kwatanta.