Asabar: na huda tandar kyafa don tsinken auna zafi

Hunturu ya sauka sosai a Kaduna, tun asuba iska ke kaɗawa da ƙura. Aikin yau shi ne tandar kyafa nama ta hannu da na sayo a kasuwar Panteka makon jiya. Durom ne mai lita 200 aka kwantar, aka yanka masa murfi, aka haɗa masa akwatin gawayi ta dama da bututun hayaƙi ta hagu. Akwai agogon zafi a saman murfin, sai dai zafin rufi yake aunawa. Nama kuwa a ƙasa yake kwance, kan raga, kuma zafi sama yake taruwa. Abin da ake buƙata tsinken awo ne guda biyu, ɗaya na iskar da ke kan raga, ɗaya na cikin nama, wayoyinsu su fito waje zuwa na'urar da ke nuna awon ba tare da murfi ya danne su ba. Danne wayar nan yana kashe tsinkaye: silin da ke ciki ya karye, na'ura ta fara nuna lambobin da ba su da kan gado.

Kafin komai, jiya na cika tandar da itace na ƙone ta har tsohon fenti da maiƙo suka tashi. Durom ɗin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki ba a dafa abinci da shi, ko an ƙone shi sau nawa. Wannan mai sayarwar ya tabbatar mini na man girki ne, warinsa ma ya nuna.

Da safe na fara gwada tsinkayen, don babu amfanin huda ƙarfe saboda ma'aunin da ke ƙarya. Kofi cike da dakakkiyar ƙanƙara, ruwa kaɗan, a motsa, a jira minti biyu: ya kamata ya nuna digiri 0 a ma'aunin Celsius. Sai tafasasshen ruwa. A nan mutane ke rikicewa, su ga 98 su ce tsinke ya lalace. Kaduna tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku, kuma kowace mita 300 tana rage wa tafasar ruwa kusan digiri ɗaya. Don haka 98 shi ne daidai a nan, 100 sai a Legas. Bakin tsinken kawai ake tsomawa. Idan ruwa ya shiga mahaɗar tsinke da waya, zai iya lalata shi.

Wurin da za a huda shi ya fi cin lokaci, kuma ya cancanci hakan. Ba a murfi ba, domin duk buɗewa zai fizgi waya. Ba kusa da akwatin gawayi ba, domin harshen wuta kan leƙo ta nan, wayar kuma ba ta jure abin da bakin tsinken ke jurewa. Na zaɓi bangon hagu, ɓangaren bututun hayaƙi, santimita 4 sama da raga, ɗan kusa da gaba inda hannu ke kaiwa. In ka sa ƙofar, wato ramin da za a huda, ƙasa da raga, kitse zai riƙa ɗiga a kan waya. In ka ɗaga ta da yawa, ka koma matsalar agogon murfi. Na auna daga ciki, na mayar da awon waje, na liƙa tef ɗin takarda na yi alama a kansa.

Hudawar kanta minti goma ce. A dasa ƙusa a kan alamar a buga da guduma sau ɗaya, don bakin injin huda ya samu wurin zama, in ba haka ba zai zame ya karce jiki. A fara da ƙaramin baki mai milimita 3. Sannan baki mai hawa-hawa, wanda ke tashi daga milimita 4 zuwa 20. Ƙarfen durom siriri ne, bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, babban baki na yau da kullum yakan cafke shi ya yaga, ƙofar ta fito kamar kusurwa uku. Mai hawa-hawa kuwa yanka yake a hankali. Inji a ƙaramin gudu, a ɗiga man gyaɗa a kowane hawa, ba baƙin mai ba tunda abinci za a sa. Na manna maganaɗisu a ciki, ƙasa da ƙofar, ya kama garin ƙarfen. Da na cire shi ya yi gashi-gashi kamar bushiya, kuma duk wannan da a kan raga zai zube. Daga nan zagayayyen magagari, ciki da waje, har yatsa ya zagaya bakin bai ji kaifi ba.

Ga inda aikin ya tsaya. Na tanadi bututun fitila mai zaren ɗaura noti, mai milimita 10, don tsinkayen su bi ta cikinsa, na huda daidai shi, na ɗaure. Tsinken iska miƙaƙƙe ne, ya wuce sumul. Na nama kuwa yana da lanƙwasa kamar gwiwar hannu, ya shiga rabi ya cije. Kaurin tsinken milimita 4 ne kawai, amma lanƙwasar tana son fili, ramin bututun kuma wajen milimita 7 ne, ga tsawo. Kan fulogin ma ya ƙi wucewa ta ɗaya ɓangaren. Kada a ce za a miƙar da tsinken da filaya, wayar cikinsa za ta tsinke.

Bayan azahar na koma Panteka da tsinken a aljihu. Wani dattijo mai kayan wayarin ya juya shi a hannu, ya ce, "Alhaji, ba dogon abu kake so ba, gajere mai faɗin baki." Ya miƙo ƙawanyar tagulla da masu wayarin ke sa wa bakin bututun waya, wadda suke kira bush, mai milimita 20 da notinta. Na ce, "Baba, ba roba a ciki?" Ya ce babu. Tambayar tana da muhimmanci, domin akwai irin da ke da zoben roba a ciki, da kuma na roba zalla, duk narkewa suke su yi wari. Robar da ta dace da wannan wuri ita ce silikon mai jure zafi sama da digiri 200.

Na faɗaɗa ƙofar zuwa hawan ƙarshe, na sake gogewa, na shafa fenti mai jure zafi a bakin ta waje saboda tsatsa. Kan tagullar a ciki, noti a waje. Tsinkaye biyu suka wuce tare, sauran ramin na toshe da dunƙulen takardar alminiyam don kada iska ta shiga ta nan ta ruɗa awo. A ciki, tsinken iska ya zauna kan maƙalinsa, santimita 2 zuwa 3 sama da raga, bai taɓa ƙarfe ba, kuma santimita 5 nesa da inda nama zai kwanta, domin ɗanyen nama yana sanyaya iskar da ke kewaye da shi. A waje na bar wayar ta ɗan yi ciki ƙasa kafin ta hau zuwa na'urar, yadda ruwan tururi zai ɗiga ƙasa maimakon ya gangara cikin soket.

Da la'asar na kunna gawayi da kaza ɗaya don gwaji. Bayan minti 40 tsinken iska ya tsaya a 112, agogon murfi yana nuna 134. Kyafa tana son tsakanin 107 da 121, wato mai bin agogon murfi zai rage wuta alhali tana daidai. Iskar hunturu ma ta nuna kanta: da ta bugo ta bakin akwatin gawayi, zafi ya haura 125 cikin 'yan mintuna, sai da na juya tandar ta ba iska baya. Tsinken nama na soka a kaurin ƙirji, ban bari ya taɓa ƙashi ba, na sauke kazar da ya kai 74.

Na matsar da tsinken iska zuwa ɓangaren wuta na minti biyar, ya nuna 139. Gobe sai a yanko farantin ƙarfe a jingina a bakin akwatin gawayi daga ciki don ya tare zafin da ya yi yawa a nan, a sake aunawa.