Kifin da na saki a Kogin Snake

A gidanmu ba a tambayar yaro me zai zama in ya girma. Kakana masunci ne, Baba masunci ne, ƙanena ma yanzu haka yana kan ruwa a Yauri. Ni ne na fita zakka. Karatu ya kai ni Sakkwato, daga nan rabo ya jefo ni wani gari da ake kira Pasco a jihar Washinton ta Amurka, inda nake aikin dare a masana'antar sarrafa dankalin Turawa. Garin yana zaune ne daidai inda Kogin Snake ya faɗa cikin Kogin Kolambiya. In na taso aiki da asuba sai na ratsa gada, ruwa shimfiɗe hagu da dama, amma babu mai jefa birgi, babu mai duba mamari, babu hayaƙin banda a bakin gaɓa. Na daɗe ina wucewa ina kau da kai, don kallon ruwan yana tayar mini da kewar gida.

Da na kasa haƙuri sai na je na yanki lasisin kamun kifi. Suka haɗa ni da kati na rubuta duk kifin da na ɗauka, da wani littafin dokoki mai kauri. Na zauna na karanta shi tsaf, ina maimaita inda ban gane ba, saboda na san baƙo ba shi da uzuri a ƙasar nan. Kifin da nake nema shi ne steelhead, ɗan'uwan salmon. A ƙananan rafuka ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekara ɗaya ko biyu ko fiye, sannan ya juyo ya hauro ruwa har rafin da ya fito don ya yi ƙwai. Wanda zai kai jihar Idaho sai ya tsallake madatsun ruwa takwas, huɗu a Kolambiya, huɗu a Snake. Dokar kuwa ita ce: wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwon kifi ana yanke masa wata 'yar tsoka da ke gadon bayansa kusa da wutsiya tun yana ƙarami, shi ne halalinka. Wanda ka ga tsokar nan tana nan, haifaffen rafi ne, dole ka sake shi, kuma ba a yarda ka cire shi gaba ɗaya daga ruwa ba. Ita ma ƙugiyar sai ka sa filaya ka danne ɗan haƙorinta don kada ta yaga masa baki.

Duk wannan na sani kafin in taka bakin ruwa. Ina so a riƙe wannan.

Ranar a watan Nuwamba ne, sanyi yana cin yatsu, na tafi da ɗana. Rana ta ɗan ɗaga sai na ji an fizgi fatsar. Wallahi tun da nake ban taɓa jin ƙarfi irin wannan a hannuna ba, kuma na sha kokawa da giwan ruwa tare da Baba. Ya yi tsalle sama da ruwa, ya koma ya ja zare, ya sake tashi. Da ƙyar na jawo shi bakin gaɓa. Na shiga ruwan na durƙusa, na sa hannu a ƙarƙashin cikinsa. Tsawonsa ya kai daga kafaɗata zuwa yatsuna, bayansa kore-kore da ɗige-ɗige baƙaƙe, ga wani jan layi daga kumatunsa har wutsiya. Na duba gadon bayan, tsokar tana nan cif. Na ce wa yaron ya matso ya gani da kyau kafin mu sallame shi, na fara lalubar ƙugiyar.

Sai ga wani dattijon Bature ya taho a guje yana ihu. "Sake shi! Kada ka kuskura ka ɗaga shi!" Ya zaro waya ya saita ni yana ɗauka. Na ce masa ai sakinsa nake yi, ga shi cikin ruwa. Bai ko saurare ni ba. Ya juya ya ce wa abokinsa irin mutanen nan ba sa karanta doka, su ne suke ƙarar da kifin. Na zare ƙugiyar, na riƙe kifin yana fuskantar ruwa har ya dawo hayyacinsa, ya kaɗa wutsiya ya tafi. Mutumin ya sa wayarsa a aljihu ya koma wurinsa, ko sannu babu.

A mota yaron ya yi shiru, can ya ce, "Abba, me ka ɗaukar masa?"

Wannan tambayar ce ta hana ni barci. Ni da aka yanke wa cibiya a bakin ruwa, ni da na iya gyaran taru kafin in iya rubuta sunana, yau a gaban ɗana aka mai da ni ɓarawon kifi. Mutumin nan bai san ni ba, fatata ya gani da irin Turancina ya yanke hukunci. Kuma babu wanda zan je in zauna a ƙofar gidansa in faɗa masa ya ce mini ka yi haƙuri. A nan in abu ya same ka, kai da bango ne. Matata ta ce in manta, na ce to, amma har yau in na tuna fuskarsa zuciyata tafasa take yi.

Na kira Baba ina neman inda zan huce, sai na tarar da wani sabon zance. Ya ce, "Ka kama, ko dai ka gani?" Na ce na kama, Baba, a hannuna yake. Ya ce to ina yake? Na ce na sake shi, haka dokarsu take. Ya yi shiru, sannan na ji yana kiran Inna: "Zo ki ji ɗanki. Allah ya ba shi, ya mayar." Na yi ta bayani, ya ce shi bai ga laifin doka ba, ai mu ma Sarkin Ruwa yana hana shiga wani gurbi sai lokacinsa ya yi. Abin da bai gane ba shi ne mutum ya ƙoshi, ya tafi ya huda bakin kifi, ya wahalar da shi, ya sake shi, ya ce nishaɗi ya yi. Ya ce, "In ba a so a kama shi, a bar masa ruwan mana." Ban iya ba shi amsa ba, kuma har yanzu ina ganin akwai gaskiya a maganarsa.

Daga nan ne na fara bin rigimar da ake yi a kan kifin, don in san abin da ya sa dattijo zai yi gudu haka saboda kifi ɗaya. A da, an ƙiyasta salmon da steelhead miliyan 10 zuwa 16 ne suke hawowa Kolambiya duk shekara. Yanzu kaso kaɗan ne na wannan, kuma yawancinsu na gidan kiwo ne. Dam ɗin Grand Coulee da aka gama a farkon shekarun 1940 ba a yi masa matakalar kifi ba, wato hanyar ruwa hawa-hawa da kifi yake bi ya haye dam, ya rufe musu saman kogin ɗungurungum. A 1992 akwai wani nau'in salmon, sockeye, da guda ɗaya tak ya dawo tafkin Redfish a Idaho, tafiyar mil 900 daga teku. A 2015 ruwa ya yi ɗumi, sockeye kusan dubu 250 suka mutu a hanya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙidaya. A jikin matakalar kifin akwai tagar gilashi, ana ƙirga kifin da ya wuce ɗaya bayan ɗaya, a sa adadin a intanet. Na kai yaron ya gani, muka tsaya muna kallonsu suna kutsawa cikin ruwa mai ƙarfi, wasu da tabo a jiki.

Faɗan yanzu a kan madatsu huɗun nan na Snake ne: Ice Harbor da ke nan kusa da mu, da Lower Monumental, da Little Goose, da Lower Granite wadda aka gama a 1975. Masu son kifi da ƙabilun asalin ƙasar suna cewa a fasa su, domin sun mai da kogi mai gudu tafkuna masu ɗumi, 'ya'yan kifi suna mutuwa kafin su kai teku. Manoma suna cewa ta ruwan nan ake dakon alkama daga garin Lewiston na Idaho zuwa birnin Portland, daga nan ake ban-ruwa, daga nan ake samun lantarki mai araha. A 2021 wani ɗan majalisa daga Idaho, Mike Simpson, ya kawo shirin dala biliyan 33.5 na a fasa su a biya kowa asararsa, bai samu shiga ba. Gwamnatin Biden ta ƙulla yarjejeniya da ƙabilun a ƙarshen 2023, gwamnatin Trump ta janye daga ita a 2025. A garinmu kuwa in ka ce a fasa dam, ka jawo wa kanka baƙin jini. Ni ma dankalin da nake ci da iyalina da shi, da ruwan kogunan nan ake noma shi. Shi ya sa a wurin aiki bakina alaikum.

Amma a raina na san inda na karkata, kuma wani abokin aikina ne ɗan ƙabilar Yakama ya karkatar da ni. Shi kaɗai na ba labarin abin da ya faru a bakin ruwa bai ce mini wataƙila mutumin bai yi nufin haka ba. Ya gyaɗa kai kawai ya ce kakanninsa sun sha wanda ya fi wannan. A 1855 gwamnatin Amurka ta yi musu alkawari a rubuce cewa za su ci gaba da kamun kifi a wuraren da suka saba, amma sai da aka yi ta kama su ana kullewa kafin alƙali Boldt ya yanke a 1974 cewa rabin kifin da za a kama haƙƙin ƙabilun ne. Ya ba ni labarin Celilo, inda ruwa ke zubowa daga duwatsu, inda mutanensu suka yi dubban shekaru suna tsayawa a kan dakalin katako suna ɗibar salmon da raga mai dogon icce, kamar homarmu. Ranar 10 ga Maris 1957 aka rufe ƙofofin dam ɗin The Dalles, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya shanye wurin.

Yana faɗa ina jin muryar kakana. A 1968 aka gama dam ɗin Kainji, Tsohuwar Bussa ta nutse, aka tayar da mutum wajen dubu 44. Kakana har ya rasu yana nuna tsakiyar ruwa yana faɗin sunayen tsibirai da gurabun da ya sani. Baba yakan ce shekarun farko faliya ta yi yawa har ana rasa itacen banda, daga baya abin ya yi ta ja da baya. Saboda haka ni ina ganin a fasa huɗun nan, a biya manoma, a gyara musu hanyar jirgin ƙasa. An fasa huɗu a Kogin Klamath, an gama a 2024, kuma a shekarar salmon ya haura inda ya fi shekara 100 bai taka ba. Kifin yana nan yana jira, hanya kawai yake nema. Hana irina ɗaukar guda ɗaya a bakin gaɓa ba shi zai dawo da miliyan 10 ba.

Makon jiya ƙanena ya turo saƙon murya. Tarunsa ya mutu, injin jirgin ma yana ba shi wahala, ga man fetur ya yi tsada, wani lokaci a fita tun dare a dawo da abin da bai kai kuɗin mai ba. Ya ce tarwaɗa da ƙarfasa duk sun zama 'yan ƙanana, giwan ruwa babba kuwa sai an yi sa'a. Na ce zan turo, amma don Allah ya sayi raga mai faɗin ido, ya bar ƙananan su girma. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Yaya, kai kana can inda ake sakin kifi. In na bar su, na bayana da ragar gidan sauro yake tafe. Yara bakwai ne a gidan nan, ga Baba ga Inna." Na buɗe baki zan kawo masa zancen ƙidaya da tagar gilashi, sai na ji kunya ta kama ni, don albashi nake ɗauka duk mako biyu, shi kuwa abin da ruwa ya ba shi yau shi za a ɗora a wuta.

Idon Baba na hagu yana ta yin yana, ya daina fita ruwa, sai dai ya zauna a inuwa yana ɗinkin taru da lalube. Inna ta ce ba ya son a ce masa ya huta. Ta ce kullum sai ya tambaya ko jikansa ya iya iyo, ko yana jin Hausa, ko ya taɓa cin miyar bandar tarwaɗa. Iyo ya iya, a wurin wanka na makaranta ya koya. Hausar yana ji amma da Turanci yake mayarwa. Na tura kuɗin ranar Juma'a, na ƙara da na asibitin ido, na ce a kai Baba Birnin Kebbi a duba shi kafin sanyi ya shigo sosai. Ƙanena ya ce ya sayi tarun. Ban tambaye shi faɗin idonsa yatsa nawa ne ba.