Kuɗin sallamata na cinye ina jiran a buɗe

A 2002 labari ya iso mu a Tema, ƙasar Ghana, cewa kamfanin Amurka mai kashi 90 na masana'antar alminiyam ɗinmu ya shelanta karyewa. Ko a jikina. Na ce abin can tsallaken teku ne, mu tukwanenmu na narka alminiyam suna ci da wuta. Ruwan madatsar Akosombo kuwa yana ta ja baya, lantarki na ƙaranci, aka riƙa kashe layukan narkarwa guda biyar na masana'antar ɗaya bayan ɗaya. A 2003 aka kashe na ƙarshe.

Rufewar ba ita ce ta karya ni ba. Zaman jiran ne.

Dattawan wurin aiki suka ce haka aka yi lokacin da aka yi fari a 1983, an rufe, ruwa ya dawo, an kira mutane. Na riƙe maganar nan kamar aya. Na karɓi kuɗin sallama na ajiye, ina yagar na cefane, na haya, na makarantar yara, kullum da yamma ina kan benci a Zangon Ashaiman muna lissafin damina. Takalmin aikina ma ban daina gogewa ba, yana bayan ƙofa.

Matata ta faɗa mini tun a watan farko: "Maigida, kuɗin nan ƙanƙara ne, ka sa su a wani abu." Na ce ta bari, wata shida ne. Abin da ban gane ba, a 1983 mai masana'antar yana tsaye da ƙafarsa. Wannan karon shi kansa ta kansa yake yi a kotu, kadara yake sayarwa. A 2004 gwamnatin Ghana ta sayi kasonsa.

Wani abokin aikina, wanda muke wa dariya, sati uku kacal ya yi ya kafa maƙera. Yana sayen tarkacen gwangwani da tsofaffin kayan inji, yana zuba tukwanen biki a yashi. Zafin da muka saba da shi ne dai, hannun ma shi ne.

Da aka sake kunna wani sashe na layuka biyar ɗin, ma'aikata kaɗan ake buƙata, sunana bai fito ba. Kuɗin da ya rage mini a lokacin ko buhun gawayi goma ba zai saya ba. Wurin abokin nan na je, na yi sallama, ya miƙo mini mafici ya nuna mini wuta.